Yadda ɗalibi zai nemi izinin aiki na gaggawa a Amurka idan tallafin gida ya yanke

Ɗalibin da ya bar Damagaram ya tafi karatu Amurka da bizar ɗalibi ta F-1 ya tafi ne a kan alkawarin da aka rubuta wa makaranta da ofishin jakadanci cewa akwai mai ɗaukar nauyinsa, ko mahaifi, ko kawu, ko gwamnati, ko ita makarantar da kanta. A kan wannan alkawari aka ba shi takardar I-20, wato takardar da makaranta take bayarwa don neman bizar ɗalibi, kuma saboda shi ne doka ta taƙaita masa aiki. Yana iya yin aiki a cikin harabar makaranta har awa 20 a mako lokacin da ake karatu, ya yi cikakken lokaci idan an yi hutu, ba tare da ya nemi izinin hukumar shige da fice ba. Amma aiki a wajen makaranta, ko da wanke kwanuka ne a gidan abinci na yini ɗaya, ba ya halatta gare shi sai da izini a rubuce.

Alkawarin da aka yi da zuciya ɗaya yana iya warwarewa ba da laifin kowa ba, kuma mutanen wannan yanki sun ga haka da idonsu. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli 2023, ba a yi mako guda ba ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, hulɗar kuɗi da ƙasashen ƙungiyar ta tsaya, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairu 2024. Garin da kasuwancinsa ya dogara da hanyar Matameye da ta Magarya zuwa Daura da Kano ya ji wannan a jikinsa sosai. A daidai lokacin kuma naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a farkon Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024, ta yadda mai kai dabbobi kasuwar Maigatari yakan karɓi kuɗinsa ya tarar ribar ta zube kafin ya canza su zuwa sefa. Sai ga daminar 2024 da ambaliyarta, wadda ta rusa gidaje da rumbuna, ta kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram da aka gina tun ƙarni na 19, har ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Duk gidan da ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa, idan yana da ɗa ko ɗiya a waje, to wahalar ta isa can ita ma.

Dokar Amurka ta tanadi mafita ga irin wannan hali, sai dai mafitar ta takarda ce. Jami'in da zai yanke hukunci bai san Kasuwar Dole ta Damagaram ba, bai san mahaifinka ba, kuma ba zai taɓa jin muryarsa ba. Abin da aka ɗora masa a kan tebur kawai yake gani. Saboda haka rabin aikin neman wannan izini a gida ake yin sa, a hannun iyaye da ƙanne, kuma abin da ya fi jawo asara shi ne jinkirin da kunya take haifarwa, inda uba yake rufa wa kansa asiri yana cewa kuɗi na nan tafe, ɗa kuma yana jin nauyin tambaya, har tura ta kai bango. Ina roƙon iyaye su gaya wa ƴaƴansu gaskiyar halin da ake ciki tun da wuri, domin izinin yana ɗaukar watanni kafin ya fito, makaranta kuwa ba ta jiran kowa idan lokacin biya ya yi.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a ware waɗanda wannan hanya ba ta shafa ba. Wanda yake Faransa da katin zama na ɗalibi yana da damar aiki har awa 964 a shekara ba tare da wani izini na daban ba, kuma idan ya shiga ƙunci wurin hukumar jin daɗin ɗalibai ta CROUS zai nufa don neman taimakon gaggawa. A Kanada, tun Nuwamban 2024 an yarda ɗalibi ya yi awa 24 a mako a wajen makaranta, kuma dokarsu ta tanadi izinin aiki na musamman ga ɗalibin da kuɗinsa ya yanke ba da laifinsa ba. Abin da zai biyo baya na masu bizar F-1 ne a Amurka.

Ƙofofi biyu, da wadda ta dace da ɗan Nijar

Ƙofa ta farko ita ce sassaucin da ake kira SSR a taƙaice. Wannan ba mutum ɗaya ake yi wa ba, ƙasa guda ake yi wa. Idan yaƙi ko girgizar ƙasa ko durƙushewar tattalin arziki ta auka wa wata ƙasa, ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka takan fitar da sanarwa a jaridar gwamnati ta Federal Register, ta ɗage wa ɗaliban wannan ƙasa wasu sharuɗɗa na wani ƙayyadadden lokaci. Suna iya wuce awa 20 a mako, ba sai sun cika shekara guda suna karatu ba, kuma wanda ya samu izinin yana iya rage darussa zuwa kiredit (ma'aunin yawan darasi) 6 a zango idan mai digirin farko ne, ko 3 idan ya wuce nan. An fara yin haka a 1998 ga ɗaliban Indonesiya, Koriya ta Kudu, Malesiya, Tailan da Filifin lokacin da kuɗaɗen Asiya suka faɗi, aka yi wa Haiti bayan girgizar ƙasar 2010, Libiya a 2011, Siriya a 2012, Nepal a 2015, daga baya kuma ƙasashe irin su Sudan, Kamaru, Habasha, Somaliya, Yemen, Afganistan da Yukren. Kowace sanarwa tana da ranar ƙarewa, kuma da yawa sun riga sun ƙare.

Nijar ba ta cikin ƙasashen da aka yi wa wannan sanarwa, don haka kada ɗalibi ya ji abokinsa ɗan Sudan yana aikin awa 30 ya zaci shi ma an yarje masa. Ana duba fasfo ne, ba wurin da iyaye suke zaune ba. Wanda ya girma a Damagaram amma yana riƙe da fasfon wata ƙasa da aka taɓa ambata, ya tambayi makarantarsa ko sanarwar ƙasarsa tana aiki har yanzu, da kuma ranar da aka ce dole mutum ya kasance cikin Amurka kafin ya cancanta.

Ƙofa ta biyu ita ce tamu: izinin aiki a wajen makaranta saboda matsanancin ƙuncin kuɗi da ya zo ba zato. Wannan a buɗe take ga ɗalibin kowace ƙasa, kuma ana duba halin mutum ne shi kaɗai. Sharuɗɗanta a bayyane suke. Dole ɗalibi ya cika shekarar karatu guda cikakkiya a matsayin mai F-1, ya kasance yana ɗaukar cikakkun darussa kuma sakamakonsa bai faɗi ƙasa da abin da makaranta ta gindaya ba, ya nuna cewa aikin ba zai hana shi karatu ba, sannan ya nuna cewa aikin cikin makaranta bai samu ba, ko ya samu amma bai isa ba. Abin da ya jawo ƙuncin kuma dole ya zama ya fi ƙarfinsa kuma ya faru bayan ya samu matsayin ɗalibi. Dokar da kanta ta kawo misalai: yankewar tallafin karatu ko aikin makaranta ba da laifin ɗalibi ba, babban sauyi a darajar kuɗi, hauhawar kuɗin makaranta ko na rayuwa fiye da kima, sauyin da ba a zata ba a halin mai ɗaukar nauyi, kuɗin asibiti, da sauran manyan kashe-kashe na ba zato.

A nan akwai abin lura ga ƴan Nijar. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a kan yuro ɗaya, don haka hujjar faɗuwar kuɗi, wadda take da ƙarfi a hannun ɗan Najeriya, ba ta da irin wannan ƙarfi a hannunmu idan aka kawo ta ita kaɗai. Wanda mahaifinsa yake ciniki da naira yana iya kawo ta, amma sai ya nuna alaƙar: cewa kuɗin shigar gidan da naira yake zuwa, kuma ga yadda ya ragu da aka mayar da shi sefa. Ga sauran mutane, hujjar da ta fi tsayawa ita ce sauyin halin mai ɗaukar nauyi, wato rasuwa, ko ciwo, ko tsayawar kasuwa, ko asarar gida da kaya, ko sallama daga aiki.

Matakin farko: ofishin ɗaliban ƙasashen waje

Kowace makarantar da take karɓar ɗaliban waje tana da jami'in da ake kira DSO, wanda shi ne yake sa hannu a I-20 kuma yake kula da bayanan ɗalibi a rumbun bayanai na gwamnati da ake kira SEVIS. Ba a iya neman wannan izini sai da shawararsa, domin shi ne zai shigar da ita cikin SEVIS ya buga sabuwar I-20 mai ɗauke da ita. Ɗalibi ya nemi ganawa da shi da zarar ya tabbatar kuɗin gida sun yanke, ko da takardu ba su gama haɗuwa ba, ya gaya masa abin da ya faru da lokacin da ya faru, ya kuma tambayi irin hujjojin da makarantar take so, tun da kowace makaranta tana da nata fom na ciki. Wanda bai cika shekara ba ma ya je, domin jami'in yakan san hanyoyin taimako na makaranta da ba su da wannan sharaɗi.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole. Jami'in DSO mai taimako ne, amma doka ta ɗora masa kai rahoto idan ya san ɗalibi ya yi aiki ba da izini ba. Wanda ya riga ya faɗa cikin wannan kuskure ya fara ganin lauyan shige da fice, domin maganar da ke tsakaninsa da lauya a rufe take, kuma jami'o'i da yawa suna da ofishin ba da shawarar shari'a kyauta ko da sauƙin kuɗi.

Abin da za a tattara a gida

Hujja mai kyau tana amsa tambaya uku: yaya hali yake a da, me ya faru kuma yaushe, sannan yaya yake yanzu. Duk takardar da ba ta taimaka wajen amsa ɗaya daga cikinsu ba, nauyi kawai take ƙara wa ambulan.

Idan mai ɗaukar nauyi ya rasu, a nemo takardar shaidar rasuwa daga ma'aikatar magajin gari, a haɗa da takardar haihuwar ɗalibi domin a ga dangantakar, kuma a tabbatar sunan da ke jiki ya yi daidai da sunan da aka rubuta a takardun kuɗi na farko. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin suna ɗaya yakan fito da rubutu iri biyu ko uku tsakanin fasfo da takardar banki da takardar haihuwa, kuma idan haka ta faru gara a bayyana shi a wasiƙa da a bar jami'i ya yi ta zato. Idan ciwo ne, a karɓo takardar likita mai kwanan wata da hatimi, da rasiɗan magani da na aiki, har da na tafiya Yamai ko Kano idan an kai mara lafiya can. Idan ambaliya ce, a nemi shaidar hukuma cewa gidan ko shagon yana cikin waɗanda abin ya shafa, a haɗa da hotuna. Idan ma'aikaci ne aka sallama ko ƙungiyar da yake wa aiki ta rufe, takardar sallama da takardun albashi na watannin baya sun wadatar. Idan tallafin karatu ne ya tsaya ko ya ragu, a nemi wasiƙa daga inda yake fitowa, ko hukumar tallafin karatu ta Nijar, ANAB, ce ko wata gidauniya.

Wanda ya fi shan wuya wajen hujja shi ne ɗan kasuwa, domin yawancin cinikinmu ba ya bi ta banki. Alhajin da yake da rumfa a Kasuwar Dole yana iya juya dukiya mai yawa amma abin da yake da shi a rubuce littafin bashi ne kawai, mai bangon kwali da ya sha hannu, wani shafin da boko, wani da ajami, an ja layi a kan sunan wanda ya biya. Kada a raina wannan littafi. A ɗauki hoton shafukan watanni kafin matsalar da na bayanta, a haɗa da takardun kwastan, da rasiɗan haraji, da shaidar ƙungiyar ƴan kasuwa idan yana cikinta. Abin da ya fi duka sauƙin samu kuma ya fi gamsarwa shi ne tarihin aiken kuɗi: rasiɗan banki ko na kamfanin aika kuɗi da suke nuna ana turo adadi kaza kowane wata, sannan daga wata kaza ya ragu ko ya tsaya. Ɗalibi yana da rabin wannan shaida a hannunsa, a cikin bayanan asusunsa na banki a Amurka.

Sai wasiƙar mai ɗaukar nauyi. Uba ko kawu ya faɗi sunansa da sana'arsa, da adadin da ya yi alkawari, da abin da ya same shi da kwanan wata, da adadin da yake iya bayarwa yanzu, ya sa hannu. Ba a buƙatar dogon bayani ko kalaman ban tausayi. Na san faɗin irin wannan magana yana yi wa dattijo nauyi, musamman a rubuce, kuma ga ɗan cikinsa. Ɗa yana iya sauƙaƙa masa da cewa, Baba, ba ƙara nake kai ku ba, hukuma ce take so ta ji daga bakinku kafin ta bar ni in yi aiki in rage muku nauyi. Ana iya samun wani babba a gida da zai zauna da shi a rubuta tare.

Duk takardar da ba da Turancin Ingilishi take ba, dole ta zo da cikakkiyar fassara, tare da shaidar mai fassarar cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai take, da sunansa da sa hannunsa. Takardun hukuma a Nijar da Faransanci suke, don haka kusan kowace takarda daga gida tana buƙatar wannan, har da rubutun cikin hatimi, haka ma shafukan ajami da wasiƙar da aka rubuta da Hausa. Ya fi kyau wani dabam ya yi fassarar, ba ɗalibin da kansa ba. Wajen aikawa kuma a kula da hoto: a shimfiɗa takardar a wuri mai haske inda inuwar waya ba za ta faɗa mata ba, kusurwoyinta huɗu su fito, hatimi ya karantu, sannan a tura ta WhatsApp a matsayin fayil domin kada ta dushe. Idan akwai shagon kwafi mai na'urar sikan a kusa, shi ya fi.

Kada a ƙirƙiri takarda, kada a gyara kwanan wata, kada a ƙara gishiri. Ƙarya a cikin neman wani abu daga hukumar shige da fice tana iya hana mutum shiga Amurka har ƙarshen rayuwarsa, alhali ƙaramar hujja ta gaskiya iyakarta a ce ba ta isa ba.

Wasiƙar ɗalibi da fom

Ɗalibi zai rubuta tasa wasiƙar, shafi ɗaya ko biyu, ya jera al'amura bisa kwanan wata, ya haɗa da lissafin kuɗin shiga da na fita. A misali, idan I-20 ta nuna gida zai riƙa ba da dala 12,000 a shekara amma yanzu abin da ke zuwa bai wuce 4,000 ba, a rubuta haka ƙarara, a jera kuɗin makaranta da haya da abinci da inshorar lafiya da littattafai, a nuna giɓin da ya rage. A faɗi ayyukan cikin makaranta da aka nema da amsar da aka samu, a haɗa da saƙonnin imel idan akwai. Wannan sharaɗi ne da ɗalibai suke yawan mantawa. A ƙarshe a nuna yadda za a haɗa aiki da karatu.

Bayan DSO ya gamsu ya ba da sabuwar I-20, sai a cika fom I-765 na hukumar shige da fice ta USCIS, a rubuta lambar rukuni (c)(3)(iii), wadda ita ce ta wannan izini. Fom ɗin kyauta ne a shafin hukumar, kuma daga can ya kamata a sauke shi a ranar da za a cika, domin tsohon bugu yana sa a dawo da takardu. A haɗa da kwafin sabuwar I-20 da aka sa wa hannu, da na fasfo da biza da takardar shiga ta I-94, da ƙananan hotuna biyu irin na fasfo, da duk hujjojin da fassararsu. A aika cikin kwana 30 daga ranar da DSO ya sa hannu, kuma a ajiye kwafin komai.

Kuɗin nema dala 520 ne bisa jadawalin da ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2024, amma kuɗi da hanyar biya da adireshin aikawa suna sauyawa, don haka a duba shafin hukumar kafin a rufe ambulan. Wanda ba shi da halin biya yana iya neman a yafe masa da fom I-912. Sai dai a auna: idan ba a amince da yafewar ba, takardun gaba ɗaya za su dawo, a sake farawa, makonni sun tafi. A ganina, wanda zai iya samun rancen kuɗin daga abokai ko daga asusun gaggawa na makaranta, gara ya biya. Wanda kuwa babu yadda zai yi, ya nemi yafewar da hujja mai ƙarfi.

Lokacin jira

Bayan an karɓi takardu, hukumar za ta aiko da rasit I-797C mai lambar da ake bin diddigin nema da ita a intanet. Daga nan jira ne na watanni. Ana iya roƙon a gaggauta saboda tsananin asarar kuɗi ko dalilin jin ƙai, amma hukumar ce take da zaɓin amsawa. Idan aka sauya gida a wannan lokaci, a sanar da DSO cikin kwana 10, a kuma sabunta adireshi a wurin hukumar, domin katin izinin aiki ta gidan waya yake zuwa. Idan an aiko ana neman ƙarin hujja, a amsa kafin ranar da aka yanka. Idan an ƙi, babu ɗaukaka ƙara a kan wannan hukunci, amma ana iya sake nema da hujja mafi ƙarfi da sabon kuɗi.

Shawarar DSO ba izini ba ce, rasit ma ba izini ba ne. Ba a fara aiki sai katin izinin aiki, wanda ake kira EAD, ya zo hannu kuma ranar farawa da ke jikinsa ta yi. A nan ne yaranmu suka fi faɗawa cikin haɗari, domin a daidai lokacin da haya ta taru ne wani mai kyakkyawar niyya zai ce ga shago ana biya a hannu, ko ga asusunsa na kai abinci gida-gida a yi amfani da shi, ko ga kitso ana samun kuɗi a ƙarshen mako. Duk waɗannan aiki ne a idon doka, ko an biya ta banki ko a hannu. Idan ya bayyana, za a rufe bayanan ɗalibi a SEVIS, kuma hanyar da ake bi a maido wa ɗalibi matsayinsa bayan ya yi kuskure a rufe take ga wanda ya yi aiki ba da izini ba. Abin da ya rage shi ne fita daga ƙasar da neman sabuwar biza, a lokacin da samun bizar Amurka ya ƙara tsanani ga ƴan Nijar. Iyaye su ma su kiyaye: kada a riƙa ce wa yaro ɗan wane yana can yana aiko da kuɗi, domin ba a san irin takardar da ɗan wane yake riƙe da ita ba.

Haka kuma kada ɗalibi ya rage darussa da kansa don ya rage kuɗin makaranta. Mai digirin farko dole ya riƙe kiredit 12 a zango, kuma rashin kuɗi ba ya cikin dalilan da doka ta yarda a rage darussa saboda su. Abin da ya halatta a wannan lokaci shi ne neman aikin cikin makaranta a ɗakin karatu ko gidan abincin ɗalibai, da roƙon ofishin kuɗi ya raba biya kashi-kashi, da neman asusun gaggawa da rumbun abinci kyauta da jami'o'i da yawa suke da su. Cibiyar ilimin ƙasa da ƙasa ta IIE ma tana da asusun gaggawa na ɗaliban waje da rikici ya shafi ƙasashensu, kuma makaranta ce take gabatar da sunan ɗalibi idan an buɗe shi, don haka a tambayi DSO. Kyauta daga masallaci ko ƙungiyar ƴan Nijar mazauna gari ba aiki ba ce, kuma karɓarta ba ta taɓa matsayin ɗalibi.

Bayan katin ya zo

Da wannan kati ana iya yin kowane irin aiki na halal, ba sai ya dace da fannin karatu ba, kuma ba a buƙatar samun aikin kafin a nemi izinin. Iyakar ita ce awa 20 a mako lokacin karatu, a haɗe da na cikin makaranta idan ana yin duka biyun, sai cikakken lokaci a hutu. Wanda ba shi da lambar tsaron zamantakewa (Social Security) zai nemi ta domin a iya biyan sa albashi, kuma zai cika takardun haraji a ƙarshen shekara. Wannan izini ba ya rage wa ɗalibi lokacin aikin horo na OPT da ake yi bayan kammala karatu.

Ya kamata gida su san girman abin da zai shigo, don kada a ɗora masa buri fiye da kima. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, wato dala 145 a mako na awa 20 kafin a cire haraji, ko da yake jihohi da yawa suna biya sama da haka. Wannan kuɗin haya ne da abinci da mota, ba zai biya kuɗin jami'a ba, balle a aiko da wani abu Damagaram. Idan giɓin ya fi haka girma, sai a haɗa da neman tallafin makaranta ko tunanin komawa wata mai sauƙin kuɗi, tare da sanin cewa izinin yana mutuwa ranar da aka sauya makaranta, kuma sai an sake nema ta hannun sabon DSO. Yana mutuwa kuma idan an kammala karatu ko matsayin ɗalibi ya lalace.

Ana ba da izinin na shekara ɗaya ne a kowane karo, ba ya wuce ranar kammala karatu da ke jikin I-20. Idan ƙuncin bai yaye ba, ana sabuntawa da sabuwar shawarar DSO da sabon fom da sabon kuɗi, kuma dole aiki ya tsaya ranar da tsohon katin ya ƙare idan sabon bai iso ba. Saboda haka a fara shirin sabuntawa watanni kafin ranar, kuma gida su ci gaba da ajiye rasiɗai da takardun likita da shafukan ciniki na wannan shekarar, domin hukumar za ta so ta ga halin da ake ciki a lokacin sabuntawa, ba na bara ba.